Hawan Jirgin Ruwan Shaƙatawa Karo na Farko: Tambayoyin da Mutanen Gombe Suka Fi Yi Mini

Tun ranar da hotonmu ni da maiɗakina a bakin barandar jirgi ya zaga wayoyin dangi, ban sake zaman majalisarmu ta Jekadafari an tashi ba a yi mini tambaya a kai ba. Ba laifin kowa ba ne. Mu nan babban ruwan da muka sani shi ne madatsar Dadin Kowa, in an matsa a ce Wikki ta Yankari. Sau biyu na yi irin wannan tafiya, ta farko a kogin Nilu, ta biyu daga Barcelona, kuma a duka biyun na yi wauta na biya kuɗinta. Ga abin da aka fi tambaya, da amsar da nake bayarwa.

Malam, wai ina ne takamaimai ake zuwa a jirgin?

Ba jirgin sufuri ba ne da zai ɗauke ka daga nan ya sauke ka can. Otal ne mai tafiya. Da dare yana gudu kana barci, da safe ka farka a wani gari, ka sauka ka yi yawo, da yamma ka koma ɗakinka. Bayan kwana uku, ko biyar, ko bakwai, yakan mayar da kai tashar da ya ɗauke ka. Akwatinka sau ɗaya za ka buɗe shi. Girman wasu ya wuce misali: Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Akwai ƙauyukan da ba su tara wannan jama'a ba.

Babu jirgin irin wannan da ke lodi a kai a kai daga Legas. Dole sai ka hau jirgin sama ka je inda yake.

Wane kamfani ne ya fi kyau?

Wannan ce tambayar da kowa ke farawa da ita, kuma ba ita ce ta farko ba. Bature ko Ba'amurke yana iya buɗe shafi ya zaɓi jirgin da ya burge shi ya biya. Kai mai koren fasfo, biza ce ke zaɓar maka jirgi.

Dalili kuwa shi ne jirgi ɗaya yana iya taɓa ƙasa huɗu cikin mako ɗaya, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanonin, takardun shiga kowace ƙasa a wuyanka suke. Kada ka ce ai ni ba zan sauka a wannan garin ba, zan yi zamana a ɗaki. Sau da yawa ba a karɓar wannan hanzari. A ranar shiga ake duba fasfo, in biza ɗaya ta gaza sai a mayar da kai daga bakin ƙofa, kuma ba a mayar maka da ko sisi.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne bambancin bizar shiga sau ɗaya da ta shiga sau da yawa. A ce kana da bizar Shengen, wato biza ɗaya da ke shigar da mutum rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, ka hau jirgi a Italiya. In hanyarsa Sifaniya ce da Faransa da Malta, duk cikin yanki ɗaya kake. Amma in ya leƙa Tunis, ko wata tashar Turkiyya, ko Kotor ta Montenegro, ka fita daga yankin ke nan, komawarka Italiya shiga ce ta biyu. Mai bizar shiga sau ɗaya ya shiga uku. Don haka kafin ka kalli hoton wurin ninƙaya da na abinci, ɗauki biro ka rubuta sunan kowace tasha da ƙasarta, ka tambayi ofishin jakadanci ko kamfanin, a rubuce, me ake buƙata daga mai fasfon Najeriya.

To ina ne ya fi sauƙi gare mu?

In ni za a bi, mai gwaji na farko ya fara da Masar. Jiragen kogin Nilu suna tafiya tsakanin Luxor da Aswan, kwana uku ko huɗu, suna tsayawa a Edfu da Kom Ombo. Ƙasa ɗaya, biza ɗaya, babu igiyar ruwa balle jiri, abinci halal ne, kiran salla kana jin sa daga ƙauyukan bakin kogi. EgyptAir na tashi daga Kano da Abuja zuwa Alƙahira. Jiragen ƙanana ne, ba su da holewar manyan na teku, amma a nan za ka gane ko zaman jirgi ya karɓe ka.

Na biyu Jidda. Saudiyya ta kafa nata kamfanin, AROYA, wanda ya fara jigila a Disambar 2024 a Bahar Maliya, yana taɓa tashoshin Masar irin su Sharm El Sheikh. Babu giya, babu gidan caca, akwai wurin salla. Ga mutanenmu da hanyar Jidda ta zame musu kamar zuwa Bauci, wannan ya zo daidai. Sai dai kada a ɗauka bizar Umara ta wadatar. Jirgin yana fita daga ƙasar ya dawo, a tambaya tukuna. A lura kuma ba kullum yake Jidda ba, a lokacin zafi na 2025 daga Istanbul ya riƙa tashi.

Na uku Afirka ta Kudu. Kamfanin jiragen ruwa na MSC yakan ajiye jirgi a Durban da Cape Town daga wajen Nuwamba zuwa Maris, gajerun tafiye-tafiye zuwa tsibiran Mozambik ko Walvis Bay ta Namibiya. Kuɗinsu da dama-dama. Katin rigakafin shawara dole ne, babu shi ba ka shiga ƙasar.

Dubai da Abu Dhabi da Doha suna da jirage a lokacin sanyi, amma bizar Daular Larabawa ta zame mana ruwa mai aure: an rufe ta ga 'yan Najeriya daga 2022 har Yulin 2024, kuma sharuɗɗanta ba sa zama wuri ɗaya. Bahar Rum yana da yawan jirage da arahar ɗaki, matsalarsa Shengen, wadda kuɗin nemanta Yuro 90 ne, a ba ka ko a hana ka. Amurka kuwa, inda Miami take cibiyar wannan harka a duniya, a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya ta wata uku. Jirgin da ke zuwa tsibiran Karibiyan fita yake daga Amurka ya dawo. Ka ga lissafin da kanka.

Na gane. In hanya ta samu, mene ne bambancin kamfanonin?

MSC na iyalan Aponte ne, 'yan Italiya, hedkwatarsa a Janiba. Shi da Costa, mai mazauni a Genoa, su ne masu sauƙin farashi a Turai. Za ka ji ana maimaita sanarwa da harsuna biyar ko shida, taliya da fiza ba sa yankewa, cunkoso kuma akwai shi, musamman lokacin hutun makarantu. Royal Caribbean na masu son abin mamaki ne, wuraren wasan yara da sulɓin ruwa da wasannin dare. Carnival hayaniya da kiɗa, matasa sun fi jin daɗinsa. Norwegian ba ya ɗaure ka da lokacin cin abinci ko irin tufafi. Cunard, mai Queen Mary 2 da ke ƙetare teku daga Southampton zuwa New York, na dattawa ne masu son natsuwa da shiga ta alfarma. A can babbar riga da zanna bukar ba za su zama baƙi ba. Disney na yara ne, tsadarsa kuwa sai mai hali.

Abin da na lura shi ne shekarun jirgi da tsawon tafiya sun fi sunan kamfani tasiri. Tafiyar kwana uku a ƙarshen mako ta 'yan shagali ce ko ta wane kamfani ce. Ta kwana bakwai ta fi tara iyalai.

Yaya batun abinci da salla? Na ji an ce giya ce ko'ina.

Gaskiya ne, ban da AROYA, mashaya suna kowane hawa, gidan caca kuma a yawancin manyan jirage yana buɗewa da zarar an bar gaɓa. Ba wanda zai tilasta ka, sai dai za ka riƙa giftawa. Kowa ya san abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka, ya tambayi malaminsa in yana da shakka.

Naman halal ba ya zuwa haka kawai. Ana nema ne tun lokacin kama ɗaki, wata ɗaya zuwa uku kafin tafiya, kuma ba kowane jirgi ke iyawa ba. Mu da muka je Barcelona kifi da ƙwai da shinkafa da kayan lambu muka ci mako guda, ba mu rame ba. A ɗakin cin abinci na dare ma'aikaci ɗaya ne ke kula da teburinka kullum. Ka gaya masa daren farko cewa ba ka cin alade ba ka cin abin da aka dafa da giya, zai riƙe. Namu ɗan Indonesiya ne, Musulmi, shi ya riƙa nuna mana abin da za mu kauce wa tun kafin mu tambaya.

Salla a ɗaki muka yi. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, don haka kowace salla sai an sake dubawa. Talabijin ɗin ɗaki yana nuna taswira da inda jirgi ya fuskanta. Ka tafi da ƙaramar dadduma da butar roba. Banɗakin ɗan mitsitsi ne, bayan gidan kuma irin na jirgin sama ne mai zuƙa, ba a jefa komai ciki.

In biya da kaina ta intanet, ko in bi ta ejan?

Farashin ɗaki yawanci ɗaya ne, domin kamfanin jirgi ne ke biyan ejan kamashonsa, ba kai ba. Bambancin yana wurin wanda zai ɗauki wahala.

Biya kai tsaye a shafin kamfani ya fi tsabta: lambar bukin, wato shaidar kama ɗaki, tana hannunka, kai kake zaɓar ɗaki, kai kake canja abin da kake so. Cikas ɗinsa kati ne. Katin naira ya daɗe ba ya aiki a shafukan waje, da wasu bankuna suka sake buɗewa a 2025 sai suka sa iyakar da da ƙyar ta biya ɗakin mutum biyu. Mai asusun dala da katinsa ba shi da wannan damuwa. Sannan wasu kamfanoni suna da shafi daban ga kowace ƙasa, da sharuɗɗan soke tafiya daban, don haka ka san na wace ƙasa kake sa wa hannu.

Ejan na gari yana karɓar naira, ya haɗa maka tikitin jirgin sama da otal da takardun neman biza, in matsala ta taso akwai wanda za ka kira da Hausa. Amma in ka bi ta hannunsa, kamfanin jirgi ba zai yarda ya canja maka komai ba sai ta wurinsa. In mai kashe waya ne, ka kaɗe. Kuma a faɗi gaskiya, ofisoshin tafiye-tafiyen da ke Gombe da Bauci gwanaye ne a Hajji da Umara da tikitin Dubai da Alƙahira, harkar jirgin ruwa kuwa kaɗan ne suka taɓa yi. Da yawa wani ejan na Legas ko Abuja suke miƙa wa, kowa ya ɗora nasa.

Manyan shafukan dillalai na Amurka da Ingila sukan nuna farashi mai jan rai, sai dai wasunsu na mazauna can ne kawai, kuma ba ruwansu da bizarka.

Ga mai tafiyar farko ni ejan nake ba da shawara, da sharaɗin ya taɓa tura mai fasfon Najeriya a kan wannan hanyar.

Ta yaya zan gane na ƙwarai?

Tambaye shi rajistarsa ta CAC, da ko yana cikin NANTA, ƙungiyar ejan-ejan na tafiye-tafiye ta Najeriya, da ko yana da shaidar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Kuɗi a asusun kamfani, ba na wani ɗan uwansa ba. Amma gwajin da ya fi duka shi ne lambar bukin. Da zarar ka ba da kafin alƙalami, kamfanin jirgi yana fitar da lamba. Ka karɓe ta, ka shiga shafin kamfanin ko manhajarsa da kanka, ka sa lambar da sunanka. In ka ga sunanka da lambar ɗaki da ranar tashi, kuɗinka ya isa. In ana ce maka "Alhaji ka kwantar da hankalinka, tana hanya", to ba ta hanya.

Ni abin da ya same ni bai kai zamba ba, sakaci ne. Wanda ya yi mana bukin ya rubuta sunan maiɗakina yadda ake kiranta a gida, ba yadda yake a fasfo ba, harafi biyu suka bambanta. Ban duba ba sai saura kwana tara, ina zaune a shagon wani abokina a babbar kasuwa ina cike bayanan shiga a waya, sai shafin ya ƙi karɓar fasfonta. Kwana uku ina kira, na biya kuɗin gyara da dala, ga hawan jini. Ka duba suna harafi bayan harafi a ranar farko.

Farashin da nake gani a talla, shi ke nan?

Ina! Na farko, na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu. In kai kaɗai ne za ka biya kusan ninki. Ya ƙunshi ɗaki, da abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗibi-da-kanka, da wasannin dare. A kansa akwai harajin tashoshi, wanda wasu ke haɗawa wasu ke warewa. Akwai tukuicin ma'aikata da ake cirewa kullum, kimanin dala 12 zuwa 20 a kan kowane mutum a kowane dare. Mutum biyu mako guda, ka lissafa. Lemon kwalba da ruwan gora a yawancin jirage na kuɗi ne. Intanet na kuɗi ne. Yawon da kamfani ke shiryawa a kowane gari na kuɗi ne, mai tsada ma. Likitan jirgi da dala yake duba mutum, shi ya sa inshora ba ado ba ce, kuma mai neman Shengen dole ya nuna wadda ta kai Yuro 30,000.

Daga Gombe, sau da yawa kuɗin jirgin sama da biza da otal sun fi na ɗakin jirgin ruwan kansa. Wanda ya ga dala 500 a talla ya yi murna, ya zauna da biro tukuna.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin ɗakinka shi ne makulli, shi ne shaidarka, shi ne aljihunka. Kana haɗa shi da katin banki ko ka ajiye dala a ranar farko. Saboda ba ka ganin kuɗi na fita, hannu yakan saki, musamman in katin yana wuyan yara.

Biza zan fara nema ko ɗaki zan fara kamawa?

Nan ne kaza da ƙwai. Ofishin jakadanci yana son ganin shaidar bukin, kai kuma kana tsoron biya a hana ka. Mafita ita ce ka kama ɗaki da wuri, wata shida ko fiye, da irin kafin alƙalamin da ake mayarwa in an fasa, ko da ya ɗan fi tsada. Cikon kuɗi yawanci ana biyansa kwana 60 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani. Shengen tana karɓar takardu tun saura wata shida. Ka yi ƙoƙari amsar biza ta fito kafin ranar ciko. Bayan wannan rana asara tana hauhawa, a makonni biyun ƙarshe kusan duka ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma fasfonka ya zama da saura wata shida bayan ranar dawowa.

Ni ko motar Kano na shiga sai na yi amai. Wane ɗaki zan kama?

Na tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa. Gaba da can sama su suka fi lilo. Manyan jirage suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, mafi yawan kwanaki sai ka manta a ruwa kake. Ka tafi da maganin jiri da citta.

Ɗaki iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai tagar da ba ta buɗuwa, mai baranda, da babba mai falo. Na ciki ya fi araha, amma duhu ne dare da rana, asuba sai da ƙararrawar waya. Mai baranda ya fi dacewa da matar da ke son shan iska ba tare da ta shiga cikin masu kayan wanka ba. Wannan kaɗai ya sa ban yi da-na-sanin ƙarin kuɗin ba. Ka dubi taswirar jirgin, kada ka kwana ƙarƙashin gidan rawa.

Ni mace ce, ina da juna biyu da yara biyu. Za a bar mu?

Hajiya, ki ƙirga makonni. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 kafin a gama tafiya, kuma sukan nemi takardar likita. Jariri a mafi yawansu sai ya kai wata shida. Yara kowa da fasfonsa da bizarsa, in kuma babansu ba ya cikin tafiyar ki riƙe takardar amincewarsa da takardun haihuwarsu, Afirka ta Kudu musamman ba ta wasa da wannan. Akwai wurin renon yara kyauta da rana a manyan jirage. Hijabi ba wanda zai ce miki komai.

Akwai abin da ba a shiga da shi?

Duk abin da ke yin wuta ko zafi: dutsen guga, butar lantarki, risho, kyandir. Hajiyoyi, a nan zan ɓata muku rai, kasko da turaren wuta ba sa shiga. Wuta ita ce abin da ma'aikatan jirgi suka fi tsoro, kuma na'urar hayaƙi tana kowane ɗaki. Humra da turaren fesawa babu laifi. Kilishi da dambun nama kuma tun a filin jirgin saman Turai za a ƙwace, domin an hana shiga da nama daga waje. Yaji a ƙaramar roba mai murfi ya cece mu.

Ba hatsari? Kuma da gaske ne jirgi yana tafiya ya bar mutum?

Hatsari yana faruwa amma da wuya. Wanda aka fi tunawa a zamaninmu shi ne na Costa Concordia, da ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Bayansa aka tsaurara doka, yanzu ba a tashi sai kowane fasinja ya san wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar ceto. Kada ka ɗauke shi wasa, suna duba katin kowa.

Barin mutum kuwa gaskiya ne. Wannan ba tashar mota ba ce da za ka kira direba ka ce ga ka nan a Tumfure ya ɗan jira. A kowace tasha ana rubuta lokacin dawowa a bakin ƙofa, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, ba na garin ba. In yawon kamfani ka bi kuka makara, za a jira ku. In da kanka ka fita, kai za ka nemi hanyar cim ma jirgin a gari na gaba da kuɗinka. Na ga wasu mutum biyu a Marseille suna gudu da ledojin sayayya ana janye tsani, mutane a baranda suna tafi.

Haka ma ranar farko. Daga Gombe sai ka tashi daga Lawanti zuwa Abuja, ko ka bi mota zuwa Kano, sannan Alƙahira ko Addis Ababa ko Istanbul, sannan garin da jirgi yake. Mahaɗa uku ke nan, a lokacin hunturu kuma hazo kaɗai ya isa ya hana jirgi sauka a Lawanti. Ka kwana a Abuja ko Kano, ka isa garin tashar aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, ka sa magunguna da takardu da kaya kala ɗaya a jakar hannu. Da zarar jirgi ya bar gaɓa ka kashe datar layinka na gida, domin wayar za ta kama hanyar sadarwar jirgin ta tauraron ɗan'adam, kafin a kira magariba ta lashe duk kuɗin da ke kai.